Yammacin da Botilde Ta Bar Tanderu

A ƙauyen Rudbøl, inda iyakar Danmak da Jamus ta bi ta tsakiyar titi har kajin mutane kan ƙetare ƙasa sau goma kafin rana ta take, akwai wani jan gida mai rufin ciyawa zaune a kan tudu. Duk wanda ya taɓa zuwa kallon tsuntsaye a fadamar Tønder da kaka, in dai ya dace da ja-gora na kirki, ya zauna a falon gidan nan, ya kuma fita yana sassauta bel ɗin wando. Gidan Botilde Feddersen ke nan. Shekarunta saba'in da biyu, gajeriya ce mai kaurin damtse, kuma a iya sanina ba wanda ya taɓa ganinta a zaune alhali akwai farantin baƙo da bai cika ba.

Sana'arta teburin gahawa, irin namu na kudancin Jylland, yankin Danmak da ke manne da Jamus. Wanda bai san shi ba zai ɗauka kofi ɗaya ne da ɗan biskit. Ina! Kek iri goma sha huɗu ne, bakwai masu laushi, bakwai masu ƙaras-ƙaras, kuma kowanne da lokacin fitowarsa. Da ɗumammen burodi mai man shanu ake buɗewa, a bi da naɗaɗɗen kek mai zabibi, a yi ta hawa har a kai ga sarauniyar tebur, wato wanda ake yi da niƙaƙƙen baƙin burodi, a jera shi hawa-hawa da jam ɗin 'ya'yan itace mai ɗan tsami da kirim. A wurin kakarta ta koya. Ita kuwa kakar ta taso ne zamanin da Jamusawa ke mulkin yankin, suka hana a sayar da giya a zaurukan taron 'yan Danmak. Mata suka ce ba komai, kowace ta zo taro da kek ɗinta. Daga nan abin ya zama gasa, kuma har yau ba a tashi wasan ba.

Ba kek kawai Botilde ta gada ba, ta gaji naci. A nan wurinmu in an miƙo maka faranti, ba ka cewa to a karon farko. Sai ka ce, “A'a, na gode.” A sake miƙowa, ka dafa ciki ka rantse ba wuri. Sai a na uku, in mai gida ta ɓata rai ta ce ko kek ɗin nata ne bai yi ba, sannan ka ɗauka kana nuna dole aka yi maka. Wanda ya karɓa tun a tayin farko mayunwaci ne, wadda kuma ta yi tayi sau ɗaya ta janye hannu marowaciya ce. An yi wata mata a garin Højer da ta aurar da 'yarta da kek iri ashirin da ɗaya, amma da mutane suka fito abin da suka ce shi ne, “Kek kam ya wadata, naci ne ya yi kaɗan.” Botilde tana 'yar shekara tara aka yi wannan biki, ta ji maganar da kunnenta, ta kuma riƙe ta gam.

Tana da shekara arba'in mijinta Momme ya yanke jiki ya faɗi a gonar ciyawa, bai ƙara tashi ba. Shanun sun fi ƙarfin mutum ɗaya, ta sayar da su, ta zauna a gidan da ya yi mata girma. Shekara na zagayowa Aksel Vinther ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Malamin makaranta ne a Højer, ɗan garin Næstved can tsibirin Sjælland a gabashin Danmak, dogo siriri mai magana ƙasa-ƙasa. Aikin shekara biyu ya kawo shi, tsuntsaye suka riƙe shi, har matarsa ta gaji da iskar fadama ta kwashi 'yarsu ta koma gida. Ya ce ya fara kai matafiya kallon abin da muke kira Sort Sol, wato lokacin da tsuntsaye ke rufe rana, kuma in sun sauko daga kallon sanyi ya gama ratsa su. Ko za ta riƙa yi musu tebur?

Mu da muka tashi a fadama ba mu ɗauki tsuntsayen nan bakin komai ba. Ƙanana ne, baƙaƙe masu ɗigon fari, ɓarayin 'ya'yan itacen lambu, kuma lokacin taruwarsu lokacin tatsa ne, wa zai saki hantsar saniya ya tsaya kallon sama? Aksel kuwa ya mayar da su aikin rayuwarsa. Da sassafe yana kan keke yana bincika inda suka kwana, don ba su yi alƙawari da kowa ba, jiya suna nan yau suna can. Da rana ya zaga da baƙinsa wuraren da bas-bas ɗin manyan kamfanoni ba su tsayawa: duwatsun iyakar da ke tsakiyar titinmu, ƙofar ruwan da ke rufewa in teku ya cika, titin dutse na ƙauyen Møgeltønder mai jerin itatuwa. Da yamma ya jera su a kan ganuwar ƙasar da ke tare mana ruwa. In rana ta faɗi ya kawo su wurin Botilde, hancinsu ja wur, bakinsu a mace. Ita dai abin da ta sani shi ne wani baƙin hayaƙi da take hangowa can nesa ta tagar kicin, tana kaɗa kirim, don kirim ba ya jiran kowa.

Kowace shekara, ranar da zai fara fita da baƙi, Aksel kan tsaya a ƙofar kicin yana murza hularsa.

“Botilde, yau za ki zo ki gani?”

“A'a, na gode. Wa zai duba tanderu?”

Sai ya gyaɗa kai, ya sa hula, ya tafi.

Ita kuwa takan tsaya da ludayi a hannu tana jiran tayi na biyu. Tana so ta je. Tun shekara ta uku take so, tun ranar da ta ga wani ƙaton direban babbar mota daga Aalborg zaune a gaban kek ɗinta ya kasa ci, sai share ido yake da bayan hannu. In kuma za a faɗi gaskiya, tafiyar tare da Aksel ce take so. Amma mace mai mutunci ba ta tsalle ta cafke tayin farko, kuma wanda ya yi tayi sau ɗaya ya juya, ai ba har zuciyarsa ya yi ba, nauyi kawai ya sauke. Haka ta fassara abin, kuma kowace shekara sai ya yi mata ciwo sabo fil. Shi Aksel ya san al'adar sarai a kan tebur, ya iya dafa ciki kamar ɗan gari. Bai dai taɓa kawo wa ransa cewa abin ya wuce maganar faranti ba. A garinsu in mace ta ce a'a, namiji mai kunya ja da baya yake yi. Shekara talatin mutum biyu masu hankali suka yi a kan wannan, kuma duk lokacin da na tuna sai in rasa dariya zan yi ko tsaki.

Kakar bara Satumba ta shigo ta fita, Aksel bai yi tayin ba. Botilde ta lura, tukwanen kicin kuwa sun sha bugu. Gwiwoyinsa sun ƙi, keke ya gagare shi, hawa ganuwa ma sai an kama masa hannu. Ranar ashirin ga Oktoba, wajen ƙarfe biyar, ya tsaya a ƙofar da ya saba tsayawa.

“Botilde, zan koma Næstved. 'Yata ta gyara mini ɗaki a ƙasa, ba hawa bene. Ran ɗaya ga Nuwamba za ta zo da mota.”

Kirim take kaɗawa, hannunta kuma bai tsaya ba. “To. Ai ya kamata. Gwiwa ba abin wasa ba ce.”

“Yau suna bayan tafki, wajen tsohuwar ganuwa. Bana sun yi yawa, rabon da in ga irin haka har na manta.” Ya murza hula. “Za ki zo ki gani?”

Bakinta ne ya amsa kafin ta yi shawara da shi. “A'a, na gode.”

Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu. Sai ya ce mutum goma sha takwas ne yau, za su dawo bakwai saura kwata, ya sa hula ya fita. Tana ji bas ɗin da ke ɗauke da baƙinsa ya bar tsakar gida.

Anke Boysen, ƙawarta tun suna aji ɗaya, mai kiranta Tilde, wadda ke zuwa taya ta aiki duk kaka kuma bakinta bai san birki ba, tana gefe tana jera kofuna.

“Ke Tilde, me kike jira a bakin ƙofar nan kamar an dasa ki?”

“Ba abin da nake jira.”

“Ƙarya kike, tsohuwar kawai. Jira kike ya dawo ya sake tambaya. Shekara nawa ina kallonki, kunya ce ta hana ni magana.”

“Ke ce mai kunya? Yau na ji sabon labari. In da yana so in je, ai da ya yi naci.”

“Ɗan Sjælland ne zai yi naci? Mutanen da in ka ce ka ƙoshi sai su ɗauke faranti su jefa a firji? Kina nan kina jiran ya rikiɗe ya zama ɗan fadama, shi yana can yana cewa matar nan ta tsane ni da tsuntsayena. Kai, ku biyun nan kun ishe ni! An ce miki kek ne shi, da za a zago miki da shi sau uku?”

“To so kike in bi shi ba a kira ni ba? Kamar wata mayunwaciya?”

“Ai mayunwaciyar ce ke. Miƙo kirim ɗin nan.”

“Ba ki iya ba, man shanu za ki mayar mini da shi.”

“In mayar! Su ci man shanun, ba wanda zai mutu. Bayan yau saura yamma goma sha ɗaya, Tilde. Daga nan ko kin ce to, ba mai jin ki.”

Botilde ta dubi tanderu, ta dubi agogo. Tun da aka haife ta ba ta taɓa miƙa hannu ga abin da ba a yi mata nacinsa ba, kuma kunya ta kama ta har wuyanta ya ɗau zafi. Ta dangwarar da kwanon a gaban Anke. Ko rigar sanyi ba ta tsaya ɗauka ba, ta fita da ƙyallen girki ɗaure a ƙugu da takalmin katako, ta jawo tsohon kekenta daga rumfa. Kilomita uku ne zuwa tsohuwar ganuwa, iska kuma na tura ta baya. Ta wuce tagogin maƙwabta kanta a sunkuye, ta tabbata kafin gobe duk ƙauye ya ji.

Ta hango su jere a kan ganuwar, Aksel a ƙarshen layi dogare da sanda. Ta yar da keken a ciyawa, ta hau tana haki, ta je ta tsaya a gabansa.

“Sau ɗaya ka tambaye ni,” ta ce. “Sau ɗaya tak, ka juya ka tafi. Haka ake yi?”

Ya dube ta. “Sau talatin da ɗaya, Botilde.”

Ya tuɓe rigar sanyinsa ya yafa mata, ta kai mata har gwiwa, suka juya suka fuskanci tafki.

Da farko ba komai. Fadama shimfiɗe har iyakar gani, tumaki na kiwo, ruwan tafki ya yi ja, dogayen kyauro na kaɗawa. Har ta fara tunanin burodin da ta bari a wuta, sai Aksel ya taɓa ta ya nuna gabas. Wani siririn layi ne ƙasa-ƙasa bisa gonaki, tsuntsaye kamar ɗari biyu. Wani ya biyo daga arewa, wani daga ɓangaren Jamus, wani ya keto ta bayansu da gudu. Suka yi ta zuwa suna haɗewa, ayari kan ayari. Ta ce a ranta yanzu kam sun ƙare, sai ga wasu da suka ninka na farko. Kafin ta ankara sararin da ke bisa tafkin ya cika, ba su kuma daina zuwa ba.

Sai abin ya fara motsi. Duk taron nan, da Aksel ya ce sun haura dubu ɗari biyar, suka juya lokaci guda, jiki ɗaya. Suka dunƙule suka yi baƙi ƙirin. Suka miƙe suka yi shara-shara har tana hango jan sama ta cikinsu. Suka naɗe, suka warware, suka sulalo ƙasa saura ƙiris su taɓa ruwa, suka sake tashi suka yi tsiri har sai da ta ɗaga kai wuyanta ya amsa. Ba wanda ya yi karo da wani. Ita da ta san yadda mutum goma sha takwas ke kasa shiga ƙofar falo ba su taka juna ba, wannan ya fi komai ɗaure mata kai.

“Wa ke ja musu gaba?” ta tambaya a hankali.

“Babu. Kowanne yana lura da shida ko bakwai da ke kusa da shi. Shi ke nan.”

“Ƙarya ne.”

“Ni ma kullum haka nake cewa.”

Wani shaho ya faɗo musu daga sama. Taron ya dare gida biyu, rami ya buɗe a tsakiya, shahon ya wuce ta ciki bai kama ko gashi ba, ramin ya rufe a bayansa. Wata mata a cikin baƙin ta saki ƙara ta toshe bakinta. Daga nan suka karkata yamma gaba ɗaya suka shiga tsakanin mutane da rana, sai ranar ta ɓace. Ba faɗuwa ta yi ba, tana nan, amma ba a ganinta, duhu ya sauko wa ganuwar, sanyi ya ƙaru. Botilde ta ji tsigar jikinta ta tashi tun daga tafin ƙafa. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ka son ya sake ka.

Suka juyo suka bi ta kansu. Wannan ne abin da tagar kicin ba ta taɓa gaya mata ba: ƙarar. Fukafukai dubu ɗaruruwa, ba kuka ko ɗaya, sai wani shuuu mai nauyi kamar ruwan sama na tahowa ta kan gona, da iskar da ta bugi fuskarta ta ɗaga mata gashi. Wani tsuntsu ya sakar wa rigar Aksel kashi a kafaɗarta, ko a jikinta. Ba ta san lokacin da ta damƙe masa hannu ba.

Can, kamar an ba su umarni, suka zube cikin kyauro. Daga ƙasan taron zubar ta fara, kamar an kwance bakin buhun hatsi, ta yi ta tafiya har sama ta koma fayau, ba ko ɗaya. Kyauron ya rusuna saboda nauyi, surutu ya kaure a ciki, kowa na neman makwanci. Jim kaɗan wannan ma ya lafa. Mutum ashirin a kan ganuwa, ba mai ko tari.

Hawaye ne ke bin fuskar Botilde, kuma ba na daɗi ne kaɗai ba. Haushi take ji, na kanta da nasa. Kilomita uku daga tanderunta ake wannan abu, kowace kaka, tun kafin a haife ta.

“Me ya sa ba ka gaya mini ba?”

“Na gaya miki.”

“Ba ka ce haka yake ba!”

“Ba ya faɗuwa, Botilde. Na gwada da 'yan makaranta shekara da shekaru, ban iya ba.”

Da aka koma gida, kirim ɗin Anke ya kama hanyar zama man shanu, burodin ya ƙone ta ƙasa, baƙi kuma suka cinye komai tas suna yabo. Anke ba ta bar maganar ba har yau.

Yamma goma sha ɗayan da suka rage, duka ta je. Ta koma yin burodi da wuri, ta koya wa Anke inda ake tsayar da hannu a kaɗa kirim, ana yi ana faɗa. Sau biyu aka yi ruwa, tsuntsayen suka zube kai tsaye ba su yi wasan komai ba, duk da haka ta tsaya har ƙarshe. Kullum suna raguwa, don sanyi ya fara kora su kudu. Ita da Aksel ba su yi wasu manyan maganganu ba. Ya nuna mata yadda ake karanta iska, da inda ake tsayawa don kada a firgita su, ita kuma take kama masa hannu wajen hawa da sauka. Ba ta ce ya zauna ba. Ta ga yadda yake cije leɓe a kowane taki, ta san 'yarsa ce ke da gaskiya. Ran ɗaya ga Nuwamba motar ta zo, Botilde ta cika bayanta da gwangwanayen biskit har sai da 'yar tasa ta ce ba wurin akwati, sannan Botilde ta tsaya a bakin titi har suka sha kwana.

Hunturu ya yi tsawo a bana. A mako na biyu na Maris wani maƙwabci ya ce ya ga tsuntsaye da safe wajen tafki. Ba baƙi ranar, ba tebur. Botilde ta sa rigar sanyi ta hau keke ita kaɗai, ta je tsohuwar ganuwa ta tsaya inda aka nuna mata. Da sama ta fara cika ta ciro waya ta kira Aksel a Næstved.

“Sun dawo,” ta ce.

“Da yawa?” Muryarsa ta ƙara tsufa. Ta san inda yake zaune, ya gaya mata tagarsa wurin ajiye motoci take kallo.

“Wa ya ƙirga? Yi shiru ka ji.”

Ta ɗaga wayar sama iyakar tsawon hannunta. Suka taho, suka juya, suka bi ta kanta da ƙarar nan tasu, suka sake zagowa. Ta riƙe har kafaɗarta ta fara zogi, har suka zube cikin kyauro. Sannan ta mayar da wayar kunne. Ba magana, sai numfashi mai nauyi.

“Aksel? Kana nan?”

“Ina nan,” ya ce da ƙyar. “Kada ki sauke hannun tukuna. Akwai na baya, kullum sai an sami 'yan makara.”

Ta sake ɗaga wayar sama, ta tallafe gwiwar hannun da ɗaya hannun, ta jira.